Muryar Maigidana a Kan Cinyata

Maigidana mawaƙin biki ne. Shi da makaɗa huɗu suke yawo, daga Yelwa zuwa Wara, zuwa Shanga, har ƙauyukan kan tudu idan an gama girbi. Yana da wata tsohuwar kwamfuta, laftof baƙa mai tsaga a kusurwa ɗaya, wadda yake zuba sautin molo da amshi a ciki, su kuma makaɗa su bi da ganga da kalangu. Idan za su shiga jirgin ruwa, leda biyu yake sa mata, ya naɗe ta da tsohon zanena, ya rungume. A wurin wasa kuwa bai taɓa ajiye ta a tebur ba. Kujera yake ja can gefe, ya ɗora ta a cinya, ya jawo makirfo kusa da bakinsa, ya yi waƙarsa a zaune. Ba ya rawa, ba ya ko kaɗa ƙafa. Abokansa suna tsokanarsa wai ya zama mai jego. Ni ma na sha ce masa yana zama kamar mai jiran layin asibiti. Dariya kawai yake yi.

Ciwon kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa. An riga an sa ranar auren ɗiyarmu, sai aka ɗaga har in fita takaba.

Ɗiyar fari ce, don haka ni da shi ba mu taɓa kiran sunanta ba. "Ke" muke cewa, ko "yarinyar nan". Haka muka tarar iyayenmu suna yi, haka muka yi, ita ma ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba.

Bayan na fita takaba, sarkin kiɗa ya zo gaisuwa. Shi ne babba a cikin makaɗan, kuma aminin maigidana tun suna samari. Ya zauna a zaure ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Matarmu, ya bar ma yarinya waƙa. Tana cikin kwamfutar nan. Ya ce shi ba ya iya tsayawa gaban mutane ya yi wa ɗiyar fari waƙa, sai ya ɗauki muryarsa ya ajiye. Ranar biki mu sa, mu bi shi da kiɗa, shi kuma ya ɓuya bakin ruwa har a watse."

Ya nuna mini inda ake dannawa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na saurara. Molo ne da muryarsa kawai, ba ganga, an bar wa makaɗa gurbinsu. Yana yi mata nasiha irin tasa, rabi wasa rabi gaske. Can kusa da ƙarshe sai ya ɗan yi shiru, ya ja numfashi, ya kira sunanta. Sau ɗaya, cikakke, kamar yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar.

Ban gaya mata ba. Na ƙudura a raina za ta ji shi ranar bikinta, a gaban kowa, yadda ubanta ya shirya.

Saura mako guda aka yi gwaji a ƙofar gidan sarkin kiɗa. Na kai kwamfutar da kaina. Yayar maigidana ta raka ni, ita ce gwaggon amarya, kuma a hannunta bikin yake. Suka ɗora kwamfutar a benci kusa da babbar sifika, suka tayar da janareta. Muryarsa ta fito tas, har wata mai tallan kifi ta tsaya da tire a ka tana salati. Kalangu ya shiga, lafiya lau. Da babbar ganga ta shigo sai muryar ta yanke. Ta dawo, ta sake yankewa, makaɗa suka rikice suka tsaya. Aka koma farko. Sau uku, kuma duk a wuri ɗaya, kafin a kai ga sunan.

Yaya ta gyara mayafinta ta miƙe. "Ku kashe abin nan."

Na ce, "Yaya, a sake gwadawa."

"A sake mi? Sau uku, wuri guda, ke ba ki gani ba? Shi ne ba ya so. Ku bar bawan Allah shi kwanta."

"Da ba ya so, da bai yi ta ba."

"Ya yi ta yana da rai. Yanzu mi kika sani?"

Na ga biyu daga cikin makaɗan sun yarda da ita, don sun fara kwance igiyar ganga ba tare da an ce su kwance ba. Na naɗe kwamfutar a zanen na dawo gida.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na zauna da mutumin nan shekara ashirin da ɗoriya. Bai taɓa fara magana ya bar ta a rabi ba. Ban yarda mutuwa ta canza masa hali ba.

A ɗakina waƙar ba ta yankewa. Na sa ta ya fi sau goma, tana kaiwa ƙarshe. Sai wata safiya na ajiye kwamfutar a kan ƙaramar kujera jikin bango ina shara, maƙwabciyata ta fara dakan gero a bayan katangar. Muryar ta yanke. Na saki tsintsiya.

Na ɗaga murya na ce, "Maƙwabciya, dakata kaɗan!"

Ta dakata. Waƙar ta tafi sumul.

"To ci gaba!"

Taɓarya ta sauka, muryar ta yanke.

"Tsaya! Ci gaba!"

Ta leƙo ta saman katanga da gari a goshi. "Ke lafiya? Yau ni ce makaɗiyarki? In fura ta yi latti ke za ki yi wa maigidana bayani."

Ranar na yi dariyar farko tun rasuwar.

Na kai kwamfutar wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya ce a cikinta akwai wani ɗan faifai mai juyawa, da allura tana karanta shi. Idan ta ji girgiza sai ta ɗauke allurar don kada faifan ya lalace, shi ne sautin yake yankewa. Ya ce yana iya cire faifan ya sa sabon samfuri wanda ba ya juyawa, ya kwashe komai ya mayar. Na tambaye shi ko wani abu yana iya ɓata a wurin kwashewar. Ya ce da wuya. Na ce da wuya ba ta ishe ni ba, ba za a buɗe ta ba. Na roƙe shi ya tura mini waƙar a waya, ya duba ya ce maigidana bai haɗe ta wuri ɗaya ba, gunduwa-gunduwa take a cikin manhajar da yake aiki da ita, shi kuma bai san kan wannan manhajar ba. Sai ya ba ni shawara: in bar ta a jone da caji, in rufe duk wani abu da ke buɗe a ciki, in liƙe wayar sauti da salatif don kada ta motsa, kuma in nisanta ta da sifika da duk abin da ke rawa.

A gida na sauke ƙwaryar da ke cikin ragaya, na sa faifan kaba, na ɗora kwamfutar a kai tana lilo. Na sa maƙwabciya ta yi daka iya ƙarfinta. Waƙar ta kai ƙarshe. Na aika wa sarkin kiɗa cewa an samu magani. Na aika wa Yaya ma, ba ta ba da amsa ba.

Ranar biki, bayan azahar, aka kafa rumfa a filin ƙofar gidanmu, inda ake hango ruwa. Uwar amarya ba ta fitowa, balle ta ɗiyar fari. Ina can ƙuryar ɗakin maƙwabciya a zaune, kamar yadda ake yi, sai ga matar sarkin kiɗa ta shigo ta raɗa mini cewa sun gwada, ta yanke. Na yafa mayafi na fita ta baya.

Sun rataye ragayar a ƙarfen rumfa, kuma a jikin ƙarfen nan aka jingina sifika. Na dafa shi, yana rawa har cikin haƙorana. Babu itace kusa, wayar sautin kuma gajeriya ce, ba ta kai ko'ina ba.

Sarkin kiɗa ya ce, "Matarmu, ko mu cire babbar ganga? Mu bi shi da kalangu kaɗai, a hankali."

Na ce, "Da babbar ganga ya tsara ta?"

"Da ita."

"To da ita za a yi."

Ina kallon kujerar da suka ajiye a gefe, wadda yake zama a kai, sun kawo ta don sabo. A nan na gane. Duk shekarun nan da ake masa dariya, jikinsa yake sa wa tsakanin kwamfutar da ƙasa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, watakila yana ganin ba abin faɗa ba ne.

Na ce mutum zai riƙe ta a cinya. Mai kalangu na biyu ya ajiye kalangunsa ya zauna, aka ɗora masa. Ganga ta shigo, muryar ta yanke. Na kalli ƙafarsa, diddigensa yana bin kiɗa.

Ya ce, "Wallahi ban san ina yi ba."

Sarkin kiɗa ya ce, "Kai da ko a sallar Idi kafaɗarka rawa take. Tashi."

Na ce a ba ni.

Lokacin mata sun fara cika rumfa. Kafin in zauna Yaya ta iso, wani ya kai mata labari. Ta matso kusa don kada a ji.

"Kin yi hauka? Uwar amarya tsakiyar makaɗa? Ɗiyar fari? Jiya-jiya kika fita takaba. Mi kike so dangin ango su ce?"

"Su ce abin da suka gani, Yaya."

"Ba ki da kunya?"

"Ina da ita. Shekara ashirin ina yin ta, ni da ƙanenki. Gobe ma zan ci gaba. Yau dai sai ta ji."

"Ta ji mi?"

"Ki tsaya ki ji ke ma."

Na zauna a kujerarsa. Na sa matashi a cinya, na ɗora kwamfutar, na duba caji, na danne salatif da babban yatsa. Na shimfiɗa tafin ƙafafuna a ƙasa. Bayan la'asar aka fito da amarya a lulluɓe, ƙawayenta suka zaunar da ita a tabarma. Na ji surutun rumfar ya canza da aka lura da ni. Ban ɗaga kai ba. Na danna.

Da muryarsa ta fito, wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi, sannan wurin ya yi tsit. Kalangu ya shiga. Na ga sarkin kiɗa ya ɗaga hannu, babbar ganga ta sauka. Na ji ta taso ta ƙasa, ta shiga tafin ƙafata, ta hau ƙwaurina, ta mutu a gwiwa. Muryar ba ta yanke ba.

Abin da ban yi shiri dominsa ba shi ne ni kaina. Kwamfutar ta yi ɗumi a cinyata, muryarsa tana fita daga sifika kamar yana bayana, sai ƙirjina ya fara rawa. Na san idan na bar kukan ya fito kafaɗuna za su girgiza, cinyata ta bi. Na cije leɓe. Na kafa ido a kan tsagar nan ta kusurwa, ina jan numfashi ta hanci kaɗan-kaɗan. Hawaye suna zuba, na bar su, su ba sa girgiza komai.

Wasu mata suka taso za su zo su rungume ni. Ina ganin ƙafafunsu suna matsowa, ba ni da bakin hana su. Sai na ga zanen Yaya ya tsaya a gabana, ta ware hannuwa.

"Kar wadda ta taɓa ta! Ku koma ku zauna!"

Molo ya sassauta. Makaɗa suka rage hannu. Ya yi shirun nan nasa, ya ja numfashi, ya kira sunanta.

Ta gefen hannun Yaya na ga amarya ta ɗago kai, ta yaye lulluɓin da hannunta, abin da amarya ba ta yi. Tana dube-dube kamar wadda aka kira daga wani ɗaki. Sannan idonta ya sauka a kaina. Ban motsa ba, don da sauran baiti ɗaya. Na riƙe har molo ya yi shiru da kansa.

Yaya ta juyo, fuskarta a jiƙe. Ta ce, "To, yanzu kina iya yin kukan."

Na ce sai na kai kwamfutar ɗaki tukuna. Na zare wayoyin, na naɗe ta a zanen, na ratsa ta tsakiyar rumfa na shiga gida ta ƙofar gaba.

An yi makonni ana maganar a unguwa, har a bakin ruwa wurin masu sayen kifi. Wasu sun daina gaishe ni na ɗan lokaci. Wata dattijuwa daga dangin ango ta aiko a gaya mini in nemi afuwa, na aika mata da gaisuwa da busasshen kifi, ban haɗa da afuwar ba. Har yau ban kira sunan yarinyar nan ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Idan ta zo gida takan ce, "Inna, a sa mini." Sai in rufe ƙofa, in zauna a bakin gado, in ɗora matashi a cinya.