Miƙa a Gaban Maza

Maska

Mun bar Maska kafin assalatu, ni da Kawu Ɗanladi cikin ayarin fatake masu jakuna. Yayata ta haihu a Ƙarfi, ni aka ɗora wa kayan barka: gero, kanwa da zanen saƙi. Bayana kuwa tun tsinkar auduga yake ciwo. Kawu ya ce, "Ladi, inda kika gaza nan za ki zauna. Ayari ba ya jira." Na ce mu je zuwa.

Funtuwa

Da hantsi muka sha fura a gindin dutse. Na cije na daure ciwon, amma da ƙyar na mayar da kaya bisa gammo.

Bakori

A zango muka kwana. Da asuba ƙugu ya riƙe, na kasa miƙewa. Kawu ya ce a kira wanzami ya yi mini ƙaho, in jira su nan har su dawo. Na ce ba mai tsaga ni, kuma da ni za a ci suna.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono tana jinmu. Ta ce, "'Yar nan, ko saniya ta tashi sai ta yi miƙa. Ke kin fi ta ƙarfi ne?" Ta sa na durƙusa, na zauna kan dugadugai, na miƙa hannuwa gaba har goshi ya taɓa ƙasa. Sannan na kwanta rigingine na rungume gwiwoyi. Ta ce, "A hankali, ban da fizga. Duk inda aka huta ki yi, kada ki jira sai ciwon ya kama ki." Da aka ɗaura wa jakuna kaya, ina tsaye da nawa.

Hanyar Malumfashi

A loko, inda ake jingine kaya a bishiya a huta, na kama reshe na saki jiki, na banƙare.

"Ke Ladi! Miƙa a gaban maza? Haka aka rene ki?"

"Kawu, bayan nawa ne, kayan ni ke ɗauke da su. Wanda bai son gani ya dubi jakinsa."

Fatake suka fashe da dariya. Kawu bai ƙara yi mini magana ba har muka kwana Malumfashi. Ni kuwa ban tsallake loko ko ɗaya ba.

Ƙarfi

Ana gobe suna muka shiga. Ciwon bai tafi duka ba, amma da ƙafata na zo, ni kuma na dama wa maijego kunun kanwa.

Gida

Washegarin dawowarmu na iske Kawu bayan rumbu, ya kama reshen ɗorawa yana nishi.

"Kawu, miƙa a gaban mata?"

"Ƙarfin reshen nake dubawa. Wuce!"

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sai tsohuwar nan da ko sunanta ban tambaya ba.