Mai Tambayar Shekarun Ƙashi

Kullum da safe, kafin marasa lafiya su cika benci, Mai Hoto yakan shiga ɗakinsa na ƙarshen barandar asibiti, ya goge teburin ƙarfen nan mai sanyi, ya shimfiɗa masa zane. Ɗakin ko taga babu. A nan ya tsufa yana ɗaukar hoton ƙashin mutane, kuma duk wanda ya kwanta sai ya tambaye shi shekarunsa, ko da an rubuta a kati. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idanunsa sun soma hazo.

Ni karatuna bai yi nisa ba, sai son abin mamaki. A bakinsa na fara jin cewa ƙashi ma yana da nasa shekarun.

Jikata, wadda muke kira Guntuwa, ta daina tsawo, ga jin sanyi, ga barci, ga ɗingishi. Likita ya tura mu hoton ƙugu. Da Mai Hoto ya tambaye ta shekarunta, ta ce sha biyu. Ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, ba ka yi mata ƙari ba?"

Na ce tsufa ya ci haƙorana, bai ci lissafina ba. Bai yi dariya ba. Ya je ya nemi izinin likita, ya ƙara da ɗaukar hoton hannunta na hagu.

Na ga hotunan a jikin fitila. Kan ƙashin cinyarta, da ya kamata ya zama dunƙule sumul, ya yi ɗigo-ɗigo kamar taurarin da aka watsar. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannunta kuwa wasu ba su ma fito ba, sai duhu a gurbinsu. Hannun 'yar shekara shida ne. Da aka gwada jini, likita ya ce ƙwayar nan ta maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ita ta yi sanyin aiki, ƙashi ya tsaya jiranta. Ya ce magani zai taimaka, amma an makara, ba lallai ta kamo sa'o'inta ba.

Mai Hoto, kai ne mai aikin duhu, wanda ba a riƙe fuskarsa. An gode wa likita, an gode wa mai ba da magani, kai kana ciki kana kiran na gaba. Na gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku riƙa tambaya kamar yadda yake yi.

Jiya ni da Guntuwa muka kai masa gaisuwa. Har yanzu tana ɗingishi. Bai gane ta ba sai da ya riƙe hannunta na hagu, ya tambaye ta shekaru. Ta faɗa. Ya daɗe yana shafa yatsun.

"To, ƙasusuwan suna tafe," ya ce. "A hankali dai."