Lauyan da ya hana ni tonon asiri

Shekarar da 'yata ta rasu, kafin annobar da ta kulle mu a gidaje, mijinta ya ce zai ɗauke jikana Sadiƙu daga hannuna a unguwarmu ta Balsall Heath, ya kai shi Manchester. Aka haɗa ni da wani tsohon lauya ɗan Sri Lanka, mai addinin Buddha. Jiya na ji ƙamshin irin turarensa a shago, ya faɗo mini a rai.

Ɗabi'arsa, kafin ya yi magana sai ya runtse ido ya yi shiru. Na ce wa tafintar da ke fassara mana, "Barci muka zo kallo?" Ta ce fatan alheri yake mana, har da surukina.

Ni kuwa ban yi boko ba, amma ba a kayar da ni a magana. Na san abin kunyar surukin nan nawa kaf, na ce a zazzage shi gaban alƙali.

Tsohon ya turo mini shayi mai zafi, ya ce, "Ya taɓa cutar da yaron?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To Mama, kada mu ci shari'a yaro ya rasa uba."

Na fita da fushi, amma sulhu aka yi. Sadiƙu ya zauna wurina, hutu wurin ubansa.

Yanzu yana jami'a, yana zaune a unguwar Fallowfield can Manchester, ni kaɗai ce a gida. Tsohon ya mutu, tafinta ta koma ƙasarmu. Saura ni da surukin nan, shi ke kirana duk Juma'a ya gaishe ni. Tsohon lauyan kuwa, ban san addu'ar da ake wa mamaci mai irin addininsa ba. Allah dai ya ga abin da ya yi, ya ba Sadiƙu irin zuciyarsa.