Gangar Kawu Arzika a Kaset ɗin Nasara

Mun tashi daga Gazawa ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina tela, a bayan wata babbar mota mai zuwa Maraɗi. Aiki ɗaya ya fitar da ni. Inna ta ce in je ƙauyensu, can bayan Gidan Sori, in taho da yayanta Kawu Arzika, idan kuwa ban zo da shi ba in nemi wani gidan in sauka. Labari ya iso mana cewa fari ya watse garin, ba kowa sai tsofaffi, shi kuma ya ce ba inda za shi. An sha aika masa, yana mayar da 'yan aike da godiya.

Guzurina garin rogo ne da ƙuli-ƙuli, sai rakodata, wadda mu nan muke kira manyeto. Duk wanda ya san ni ya san gyaran rediyo nake yi, ya kuma san cutar da ke damuna, wato wani kaset guda. Wani nasara mai gina rijiyoyin siminti ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Kiɗan wasu mutum uku ne, an ɗauke shi a gaban taron jama'a. Ya ce mini tun suna samari suke tare, har yau ba wanda ya yi fushi ya tafi. Waƙarsu ba ta san gajarta ba. Za ta fara a hankali kamar mai lallashi, sai ta zabura, jita ta yi kururuwa, ka ce an gama, ashe yanzu aka sa hannu. Ko kalma ɗaya ba na ji daga bakin mawaƙin, mai wata siririyar murya da har gobe tela bai yarda ta namiji ba ce. Amma in na kunna, tsigar jikina tashi take yi, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Tsakanin Gazawa da Agye na ga abin da ban taɓa zaton ido zai gani ba, ko a wancan farin na farko muna yara. Ƙarshen damina ne, lokacin da gero ya kamata ya rufe mahayin raƙumi, amma bai kai gwiwa ba ya tsaya ya bushe a tsaye. Shanu kwance a gefen kwalta, ungulu ma sun ƙoshi sun daina sauka. A Agye jandarma mai binciken hanya ya leƙo bayan motar, ya dube mu, ya sauka bai tambayi kowa takarda ba. Na sayi ƙosai a tasha don in ce na karya, ƙosan da za ka iya hango mai tuyar ta cikinsa. Tela ya ce in riƙe shi da kyau kada iska ta raba ni da shi.

A Cadawa ranar kasuwa ce, amma fatu sun fi hatsi yawa. Akuya mai rai ba ta sayen tiyar gero biyu. Nan wani dattijon Bafulatani ya hau da ɗaurin fatun shanunsa, ya zauna kusa da ni ƙarƙashin tamfol. Da mota ta tashi shiru ya yi mana yawa, sai na kunna manyeto. Farkon kaset ɗin ba kiɗa ba ne, tafi ne da sowa na dubban mutane, yana tasowa daga nesa yana cika. Dattijon nan ya yi firgigit, ya miƙa tafin hannunsa waje, ya ɗaga kai sama. Ya ɗauka ruwa ne ke tafe. Sama kuwa fes, ko ɗigon gajimare babu. Ba wanda ya yi dariya a motar nan, har tela. Dattijon ya janye hannunsa a hankali ya ce, "Mutane ne haka? Duka wuri ɗaya? To, su suna da abinci ke nan."

Mun sauya mota a Maraɗi, muka wuce Tibiri, muka sauka a hanyar Gidan Rumji. Daga nan sai amalanken jaki. Gulbi ya zama rairayi, muka ratsa shi ƙafarmu ko laima. Jakin ya rame har mai shi ya roƙe mu mu riƙa sauka a hawa, muka sauka a hawa, muka sauka a gangare, a ƙarshe dai mu muka raka jaki Gidan Sori. Duk wanda muka gamu da shi kudu ya nufa, da tabarma da tukunya a ka.

Da la'asar muka shiga ƙauyen. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Ba dakan turmi, ba kukan zakara, ƙofofi an tokare su da ƙaya. Muka tarar da Kawu a zaurensa, ya koma rabin mutumin da na sani, gabansa ƙwaryar tafasa da 'yar dusa. Sama da kansa gangar noma na rataye. Shi ne makaɗin gayya na garin, kamar ubansa da kakansa. Kowane manomi yana da takensa a gangar nan. In ana gayya aka kaɗa taken mutum, sai ya yi ihu ya amsa, ya duƙa da hauya kamar ba zai ɗago ba, mata na guɗa.

Bayan gaisuwa na faɗi saƙon Inna. Ya ce, "Ɗana, ka sha hanya, Allah shi yi ma albarka. Amma gangag ga ba ta hita gari. Haka munka gada. Ni ko ba ni barin ta. In na tahi, waɗanda sunka watse sunka komo, wa ka tuna musu takensu?"

Na ce, "Kawu, in ka zauna yunwa za ta kashe ka, taken ya bi ka."

Ya ce, "To, mun tahi tare ke nan."

Na kawo hujja ta sama da ta ƙasa, tela ya sa baki, duk a banza. Gari ya waye muna nan inda muke. Na jiƙa mana garin rogo, raina a ɓace, na koma gefe na kunna kaset ɗina don in huce. Ya faɗo daidai wurin da na fi so, inda sauran biyun suke yin shiru su bar mai ganguna shi kaɗai. Sai na ga Kawu ya ajiye ƙwarya. Ya matso, ya karkata kunne, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

"Su nawa na?"

"Mutum guda ne, Kawu."

"Ƙarya kakai. Wanga aƙalla biyat."

Na rantse masa, na ce nasaran ya nuna mini hoto, mutum ɗaya ne ganguna sun kewaye shi kamar mai sayar da tukwane, hannu na aiki ƙafa na aiki. Ya sa na mayar. Batir ya fara sanyi, don haka na zare kaset na juya shi da biro. Ya sake saurare har ƙarshe, har inda jama'a suka ɓarke. Na ga mamaki a fuskar tsohon nan irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Wanga ya san hannu. Yana tambaya da dama, shi amsa da hagu." Can ya ce, "Su waɗanga mutane, yanzu suna ina?"

Na ce an daɗe da tashi daga taron, kowa ya koma gidansa, wasu ma wataƙila sun mutu.

"Sun watse, amma ga su nan ciki."

"Ga su nan."

Ya dubi akwatin manyeto. Sannan ya ce, "Tana ɗaukar tamu, ko sai ta nasara?"

Nan take na gane inda ya dosa. Ba ni da wani kaset sai wannan, kuma duk abin da ka ɗauka a kai yana shafe na ƙasa har abada. Daga nan har Yamai ban san mai irinsa ba. Tela ya dube ni. Na riga na mayar da zaren kaset ɗin daidai farkon kiɗan gangunan, batir ba zai jure neman wani wuri ba. Na yagi takardar ƙuli-ƙuli na toshe ramin kaset ɗin, don in ba a toshe ba manyeto ba ta yarda ta ɗauka.

Kawu ya sauke ganga, ya shanya ta a rana har fatar ta ɗaure, ya fito da ita bakin zaure. Sauran tsofaffin garin suka jawo jiki suka zauna. Na danna maɓallin ɗauka. Jama'a, na sha jin kiɗa, amma ban taɓa jin irin na wannan hantsi ba. Mutumin da jiya da ƙyar ya miƙe, ya saɓa ganga ya tsaya ƙyam. Ya bi garin gida gida, daga gabas zuwa yamma, yana kaɗa taken kowane manomi yana kiran sunansa. Bayan kowane take sai ya ɗan dakata, wurin da mai shi ya saba amsawa. Ba mai amsawa. Sautin ya bi ta kan gonakin da suka ƙone ya tafi. Wata tsohuwa ta yi ƙoƙarin guɗa da aka zo kan na ɗanta, muryar ta ƙi fita. Ni dai hawaye nake yi, ina kallon zare yana juyawa da ƙyar ina roƙon Allah kada batir ya mutu.

Da ya kai gidan ƙarshe ya dafe fatar da tafin hannu. Na kashe, na juya da biro, na kunna masa. Ya ji kansa daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Bugun ƙarshe ya wuce, aka ji ƙas, inda na tsayar da ɗauka. Sai tsohon abin da ke ƙasa ya ci gaba. Wallahi ban shirya ba, ban kuma san inda zai faɗa ba. Tafi ne. Dubban mutanen nan suka ɓarke da sowa da fito a tsakiyar garin da ba kowa, kamar dama Kawu suke jira ya gama. Tsofaffi suka zabura. Kawu ya runtse ido, ya tsaya har suka lafa.

Ya shiga zaure, ya mayar da ganga maratayinta, ya lulluɓe ta da tsohuwar rigarsa. Ya fito ya jawo ƙaya ya tokare ƙofa. Ya ce, "Ita ta zamna, ba ta hita ba. Ɗauko akwatin mu tahi."

A dawowa shi ya rungume manyeto tun daga Gidan Sori har Gazawa, bai bar ko jandarman Agye ya taɓa ta ba. Inna ta gan shi ta zauna a ƙasa ta yi kuka, sannan ta tashi ta dama masa kunun jar dawar taimako. Da na sa sabon batir sai kiɗan ya fito da sauri fiye da yadda ya buga shi, domin da batir mai sanyi aka ɗauka. Na ce zan nemi dabarar gyarawa. Ya ce in bar shi, haka hannunsa yake sa'ad da yana saurayi.

Na tafi ina ganin abin al'ajabi a kaset ɗin nan shi ne gwanintar mutum uku. Na dawo na gane cewa jama'ar ce, yadda taro zai watse amma a riƙe shi a tafin hannu. Kiɗan gangunan da na fi so ya tafi, kuma ba zan ce ba ya yi mini ciwo ba. Yanzu Kawu yana wuni a rumfata bakin tasha, yana duban masu sauka daga mota. In ya hango ɗan garinsu sai ya ce in kunna. Shekaranjiya wani ya ji takensa, ya saki ƙullin kayansa ya yi ihu ya amsa a tsakiyar tasha. Da kiɗan ya ƙare na kai hannu zan kashe don tattalin batir, Kawu ya riƙe mini hannu.

"Bari su ƙare tahinsu, ɗana. Daga nesa sunka zo."