Sitiyari a Gonar Inabi

Ni ba mai son yawon buɗe ido ba ne. Shekara goma sha biyu na yi ina jan babbar mota tsakanin Kano da Kudu, in tafi da albasa in dawo da goro, abin da na gani ya ishe ni. Da na zo London aka ce lasin ɗina ba ya aiki, sai na zauna gaban kwamfuta na amsa tambayoyi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya. Sau huɗu ina faɗuwa, na biyar ban je ba. Tun daga nan aikina wanke bas a gareji a Edmonton. In goge sitiyari tas, yaran da ba su san warin kuloci ba su zo su hau su tafi.

'Yata a nan aka haife ta, yanzu nas ce. Ba ta taɓa ganina ina tuƙi ba. In na ɗauko labarin hanya ba ta ƙaryata ni, amma tana amsa min ne yadda take amsa wa majinyatanta. Wannan ya fi faɗuwa jarrabawar ci mini rai.

Ita ta yi mana booking na kwana biyu a ƙauye, ni da ita da uwarta. Ita ta tuƙa, ina baya kamar buhu. Masaukin wata gonar inabi ce a gefen tudu. Ɗakin da aka ba mu a da shanu ke kwana a ciki, matar gidan da bakinta ta faɗa, har da alfahari. Na ce to, mun baro ƙauye mun tsallako teku don mu kwana a garke. Amma gaskiya na yi barci. Da asuba zakara ya yi cara, cara ta gaske, matata ta tashi zaune tana dariya ita kaɗai. Ƙwan da muka ci ma da ɗuminsa aka ɗauko.

Da hantsi aka kira baƙi zuwa ɗanɗanon barasar inabi.

"A'uzubillahi! Nan kika kawo mu?" in ji matata.

"Mama, na gaya musu tun a waya. Juice za su ba mu."

Aka ajiye mana kujeru a gindin bishiya, aka kawo ruwan inabi da aka matse a ranar. Zaƙi kamar rake. Ta taga muna hango Turawa suna juya kofi, su shinshina, su kurkure baki su tofar a bokiti, wasu kuma su haɗiye a ɓoye. Matata ta ce ita ba ta taɓa ganin mutane sun yi layi don kurkurar baki ba sai a bakin masallaci.

Bayan azahar aka kai mu rumfar tsofaffin motoci. Mai gonar ne ke tara su, wani tsoho mai hula duk baƙin mai. Ƙananan motoci ne masu ƙyalli, ana ta ɗaukar su hoto. Ni can ƙurya idona ya tafi. Babbar mota ce mai bodin katako, mai dogon hanci, irin wadda na koyi tuƙi da ita sak. Na dafa bonet ɗinta.

Tsohon ya ce yakan bar baƙo ɗaya ya zagaya gona da ita, amma duk wanda ya ɗanɗana ba zai taɓa ta ba. Aka dubi juna. Kowa ya ɗanɗana, sai mu uku. 'Yata ta ce masa da Turanci babanta ya ce ya taɓa jan irinta.

"Ba ni da lasin," na ce masa kai tsaye. Ba na son a kunyata ni daga baya.

"Daga ƙofar can zuwa rafi ƙasata ce, ba titin gwamnati ba," in ji shi. "Amma in ka ƙarta mata giya, ka sauka."

Sai tsoro ya kama ni. Sama da shekara ashirin rabona da tuƙi. In hannuna ya manta, a gaban yarinyar nan zai manta, kuma ba ni da sauran labari har in mutu.

Na hau, 'yata a tsakiya, tsohon a gefe. Na murɗa makulli, inji ya yi tari ya kama. Na saki kuloci. Mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Na ji dariyar masu bokiti. 'Yata ta dafa hannuna ta ce, "It's okay, Baba." Da ma ta mare ni.

Daga ƙasa matata ta ɗaga murya. "Malam! Yaushe ka fara tuƙi da takalmi? Cire shi mana!"

Wallahi ni na manta, ita ba ta manta ba. Na cire takalmin aiki mai ƙarfe a baki, na cire safa, na miƙa mata ta taga a gaban Turawa. Da tafin ƙafata ya ji sanyin ƙarfe, sai na ji inda kulocin ke kamawa. Muka tashi sumul.

Irin wannan mota ba a sa mata giya da ƙarfi. Ka taka kuloci ka fito firi, wato babu giya, ka saki, ka saurari inji, ka sake takawa ka shigar. In gangara ce ka ba ta ɗan totur a tsakani. Kunne ke tuƙa ta. Na shiga ta biyu, na shiga ta uku, ko ƙis ba a ji ba. Tsohon ya cire hula ya buga ta a gwiwa yana ihu. Muka bi tsakanin layukan inabi har rafi, tumaki suna watsewa, na juya ta a wurin da bai kai tsakar gida ba. A bakin rumfa na shigar da ita da baya, da madubi ɗaya, ƙofar kuwa da ƙyar hannu zai wuce ta gefe. Har tafi aka yi. Ban dubi kowa ba, haƙorana ne dai suka ƙi rufuwa.

Tsohon ya tambaya ko washegari zan taya shi kwaso inabi. Matata ta ce ina aka ga haka, mijinta ba zai yi dakon abin da za a jiƙa a yi barasa ba. Aka daidaita a kan ciyawar tumaki.

Sawu uku na yi da safen nan, ko shayi ban tsaya sha ba. 'Yata ta biyo ni duka ukun, ciyawa har cikin gashinta. A sawu na ƙarshe, muna saman tudu, ta matso kusa da kunnena saboda ƙarar inji.

"Baba, in burki ya tsinke a wuri irin wannan, me kake yi?"

"Ya taɓa tsinke min, da kaya fal."

"Da gaske? Sai me ya faru?"

Na sauko da motar giya ta biyu don hanyar ta ƙara tsawo, na fara ba ta labarin tun daga tasha.