Tsohon da Ya San Duwatsun Bakin Potomac

Shekara biyu na yi ina kula da wani tsohon Bature can ƙasarsu, a garin Gaithersburg. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos, ina zaune a Hyattsville. Kullum da safe nakan tuƙa mota zuwa gidansa, in yi masa wanka, in ba shi magani, in zauna da shi har 'yarsa ta taso daga aiki. Baba nake ce masa, don bakina ba ya iya kiran sa'an kakana da sunansa. Da farko ya yi ta gyara mini, daga baya ya saba.

Yatsunsa duk sun karkace, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Na ɗauka sanyin ƙashi ne kawai, sai 'yarsa ta nuna mini hotunan da ke bangon falo: wani siririn saurayi maƙale a jikin dutse, itatuwa can ƙasa sun zama kamar ciyawa. Ta ce tun yana saurayi yake hawan duwatsu, bai bari ba sai da ƙafa ta ƙi.

Yakan manta ko ya karya kumallo, amma labarin hawa bai taɓa kuɓuce masa ba. Ya ce waɗanda suka koya masa, igiyar rama suke ɗaurawa a ƙugu, in mutum ya faɗo ita kanta igiyar tana iya karya masa haƙarƙari. Suna buga ƙusoshin ƙarfe a tsagar dutse da guduma don maƙala igiya. A zamaninsa ne aka fara gardama cewa ƙusa tana ɓata dutse, aka koma wasu ƙarafa da ake cusawa a cire. Ya ce akwai abokinsa da suka daina gaisawa saboda wannan gardamar, har mutumin ya mutu ba su shirya ba. Sai ya shiga lissafa gwanayen lokacin, maza da mata, wane ya fara hawa wane dutse, wane ƙanƙara ta binne, wane ya tsufa a gado. Ban riƙe suna ko ɗaya ba. Ina naɗe kayan wanki ne ina cewa to.

Wata rana ya tambaye ni ko akwai duwatsu a garinmu. Na yi dariya, na ce a cikinsu aka haife ni. Na gaya masa yadda muke hawa ba takalmi muna neman akuyar da ta ɓata, yayata a gaba, zani ɗaure a wuya.

“Wa ya fara hawa?” in ji shi.

“Baba, wa zai sani? Hawa kawai ake yi.”



Daga nan ya matsa sai an kai shi bakin kogin Potomac, wurin duwatsun da ya koyi hawa. 'Yarsa ta yi ta ƙi, tana tsoron ya faɗi. Sai da ganye ya fara zuba ta yarda, da sharaɗin mu je tare.

Ranar Asabar muka je, da hantsi. Keken guragun da muka zo masa da shi bai iya bin hanyar ba saboda saiwoyi, dole muka kama shi ni da ita, hagu da dama. Tafiyar da ba ta kai komai ba ta ci mana kusan awa. Da muka isa gindin dutsen muka tarar da matasa cike, igiyoyi kala-kala, kowa da hular kwano. Baba ya zame hannunsa daga nawa ya dafa dutsen. Yatsun nan da ba sa riƙe cokali suka lalubi wata ƙaramar tsaga suka shige kamar jiya ya bar ta. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar dama. Ta tashi kaɗan ta koma. Ya sake, ta ƙi.

Wata budurwa da ke riƙe wa abokinta igiya ta juyo cikin ladabi ta ce, “Don Allah ku ɗan matsar da shi baya, kada wani abu ya faɗo masa.”

Baba ya ɗaga kai ya ce wa wanda ke sama, “Miƙa hannun hagu, akwai wurin kamawa bayan wancan tudun.” Muryarsa ba ta kai ba. Budurwar ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ta mai da ido kan igiyarta. 'Yarsa ta buɗe baki za ta gaya musu ko shi wane ne, ya girgiza mata kai.

Da muka iso gida ya ce in wanke masa hannu, na wanke.

Bayan ranar ya daina ba da labarin. Ni da nake jin sa da rabin kunne sai na koma ina tono shi. In ce, “Baba, yaya aka yi da masu igiyar ramar nan?” Ya ce ya gaji. Abinci ma ya rage ci. Na sha tambayar kaina ko kuskure muka yi da muka kai shi, na kuma tambayi 'yarsa. Ta ce da ba mu kai shi ba, da abin da za mu riƙa tambaya ke nan.

Da sanyi ya tsananta ya faɗi a banɗaki ranar da ba na aiki, ƙugunsa ya karye. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi, ni kuma aka tura ni wurin wata tsohuwa a Bowie. Sau ɗaya na je duba shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai kawo abinci.

'Yarsa ta kira ni wata uku bayan haka ta ce ya rasu. Ranar jana'izar ina da aiki, ban sami wanda zai karɓe ni ba. Na tsaya a kicin ɗin tsohuwar na yi masa addu'a, sannan na kai mata shayinta.