Ƙahon Isaka a ƙarƙashin gado

Shekara goma ke nan da muka yi wa Isaka Kumasi sallar jana'iza a masallacin Whitechapel da ke London. Ba mu cika sahu biyu ba. A makon jiya kuwa na shiga wani shagon faifai a Lewisham, sai ga fuskarsa a jikin gilashi, yana saurayi, kumatu a kumbure, ƙahon saksafon a baki. An sake buga faifansa ɗaya tilo, an mai da shi sidi, har da ɗan littafi a ciki. Na tsaya ina kallon Turawa suna ɗauka suna juyawa. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

Ɗan zangon Gana ne Isaka, ya zo London tun ina makarantar firamare a Kano. Irin jaz ɗin nan mai zafi da gudu da ake kira had bop yake busawa. Faifai ɗaya ya yi, bai samu kasuwa ba, ya haƙura ya kama aikin tura marasa lafiya a keke a asibitin Camberwell. Can na san shi, lokacin da uwargidana ta kwanta haihuwa, ya ji muna Hausa ya tsaya. Daga ranar, kusan kowace Lahadi ina gidansa, matarsa Mariyama tana cika mu da wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Gana.

To, littafin nan na cikin faifai, wani Bature ne mai suna Martin ya rubuta. Na san shi, wani siriri mai jaka a kafaɗa, wanda zuwansa gidan bai fi a ƙirga da yatsu ba. Amma ga shi ya san kulob ɗin da Isaka ya fara busa, ya san waɗanda suka yi kiɗa tare suka yi suna suka bar shi, ya san har dalilin tabon da ke leɓensa. Ni da na ci tuwon gidan shekara da shekaru, ban san ko ɗaya ba. Na karanta ina tsaki, ina cewa wa ya ba wannan izinin sanin abokina fiye da ni?

Gaskiyar ita ce ban taɓa tambaya ba. Ni ɗan malamai ne, a gidanmu mai busa maroƙi ne. In na kai Isaka taron suna wurin abokan aikina na gidan rediyo, cewa nake ma'aikacin asibiti ne, shi kuma ya yi murmushi ya karɓa. Ya taɓa ba ni tsohon faifan da hannunsa. Na yi godiya, na ɗora a kan kabad, ban taɓa sakawa ba, balle in sa shi a shirina.

Da yana raye, na san dariya zai yi wa wannan yabo da ya zo a makare, ya ce sai da haƙora suka zube aka kawo nama. Ko zai yi wa Martin godiya? Zai yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

A ƙarshen sidin an ƙara wani kiɗa da aka samo a kaset, wanda Martin ya ɗauka a falon gidan. Isaka ne shi kaɗai, a tsufansa, yana busa a hankali, kamar mai yi wa jariri magana. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Ana cikin haka sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, busar ta yanke a tsakiya. Martin ya rubuta cewa ya manta wane baƙo ne ya katse su, kuma bai ji abin da aka faɗa ba don ba ya jin yaren.

Ni ina ji. Muryar Isaka ce ƙasa-ƙasa, da Hausarsu ta zango: "Mariyama, Malam Bala ya zo. Ɗauki ƙaho nan ka sa ƙarƙashin gado, kar ya ji kunya."

Ni ne Malam Balan. Allah Ya jiƙan Isaka. Martin ya samu tarihinsa, masu saye sun samu busarsa. Abin da ya zama rabona a faifan nan shi ne ƙararrawar, kuma kullum na saka sai na jira ta.